A Zana Wa Yaranmu Tarihin Ƙasarsu

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarka mai farin jini domin in yi magana a kan littattafan tarihi masu zane da ake tanadar wa yara 'yan shekara takwas zuwa sha biyu.

Ni malamin firamare ne a Jos. Kwanakin baya wata ɗalibata 'yar aji biyar ta zo da wani tsohon littafi na Turanci da mahaifinta ya saya mata wajen masu baza littattafai a Taminus, wanda ke bayani a kan Misra ta zamanin fir'aunoni. An zana dala an tsaga ta biyu, har mutum yana ganin siririyar hanyar da ke kaiwa ɗakin da aka ajiye gawar sarki. Kafin a tashi tara yara sun yi mata zobe, kowa na cewa a ba shi ya gani, kuma bayan mako guda babu wanda bai iya ba da labarin yadda ake naɗe gawa ba. Da na tambaye su ko sun san Nok, sai aji ya yi tsit, alhali kuwa tsofaffin sassaƙen yumɓu na Nok suna ajiye a gidan tarihi na Jos, wanda aka buɗe tun 1952, kusa da gidan namun dajin da suke zuwa yawon sallah.

Ban ga laifin yaran ba. An cire darasin tarihi daga manhajar firamare da ƙaramar sakandare wajen 2009, kuma ko da aka dawo da shi, abin da ya iso hannunmu yawanci rubutu ne zalla, jerin sunaye da shekaru, sai wani hoto baƙi ƙirin da ba a gane kansa balle gindinsa. Yaro ɗan shekara goma da ido yake fara karatu, kuma abin da ya gani a zane ya fi zama masa a rai fiye da abin da aka sa shi ya haddace.

Ga labarin da ya dace da zane a ƙofar gidanmu. A 1928 masu haƙar kuza suka fara tono sassaƙen gasasshen yumɓu a ƙauyen Nok da ke kudancin Kaduna. A 1943 wani ma'aikacin kuza ya tsinci kan mutum na yumɓu a yankin Jama'a, ya kafa shi a gonarsa ta doya don ya riƙa tsorata masu ɓarna, kafin kan ya kai hannun Bernard Fagg, wani Bature masanin kayan tarihi, wanda ya gane cewa hannu iri ɗaya ne ya ƙera shi da waɗanda aka tono a Nok. Kayan sun haura shekara dubu biyu. A zana wannan kan, da idanunsa masu kusurwa uku, tsaye a tsakiyar kunyoyin doya, a ga ko yaro zai ajiye littafin. Haka nan ƙaramin jirgin ƙasan da ya haɗa Zariya da Jos daga 1914 zuwa 1957, da kududdufan da haƙar kuza ta bari, waɗanda yara ke wucewa kullum ba su san asalinsu ba.

Sai dai ina jan hankalin masu zane, domin zanen ƙarya ya fi rashin zane illa. Na sha ganin an zana Sarauniya Amina cikin kayan yaƙin Turawa, kamar ba a taɓa jin lifidi da sulke da kwalkwali a ƙasar Hausa ba. Mai zanen da ke son fitar da ganuwa ko masallacin Juma'a na Zariya ba ya bukatar ƙage, tunda an gina kwaikwayonsu da ƙasa a harabar gidan tarihi na Jos. Ya zo da fensirinsa ya zauna ya duba.

Roƙona ga masu ɗab'i shi ne su haɗa malamin tarihi da mai zane a kan aiki guda, su buga da Hausa da Turanci, a takarda mai jure hannun yara, kan kuɗin da uba mai 'ya'ya biyar zai iya biya. Ku ma, Edita, idan kuka ware rabin shafi duk mako ga labarin tarihi mai zane, ni zan riƙa yanke shi ina liƙawa a bangon ajinmu.

Naku,
Wani malamin firamare,
Jos, Jihar Filato.