Ina matasan Maraɗi za su samo yarda da kai?

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni ɗan fili a shafin wasiƙu domin in faɗi ra'ayina a kan wata magana da ta cika bakin samari da ƴan mata a nan Maraɗi, wato maganar yarda da kai da neman ci gaba a rayuwa.

Duk wanda yake zama kusa da matasa ya san irin bidiyon da suke turawa juna a WhatsApp da TikTok, inda za ka ga mutum ya sha ado ya jingina da mota, yana faɗa da Faransanci ko da Hausa cewa in dai ka yarda da kanka babu abin da zai gagare ka. Ni ban ƙi wannan magana ba, domin yaron da ya tashi kullum ana ce masa ba ya da amfani yana bukatar ya ji wata murya dabam. Sai dai a shekarun da na yi ina koyarwa a lakwal, ban taɓa ganin ɗalibin da ya iya lissafi saboda an ce masa ya yarda da kansa ba. Abin da na sha gani shi ne yaron da yake zama kowane maraice ya yi ta fama da ƴan tambayoyi kaɗan, har ranar da zai warware mai wuya da hannunsa, daga nan kuma sai ka ga ya fara ɗaga yatsa a aji ba tare da tsoro ba. Aikin kullum ne yake zuwa da farko, yarda da kai ta biyo sawunsa, kuma masu bidiyon nan sun juya lamarin kai a ƙasa.

Ba sai mun je Amurka ko Faransa neman hujja ba, domin jiharmu ta ba duniya darussa biyu a kan wannan batu, ko da yake yawancin ƴaƴanmu ba su san da su ba. Na farko shi ne sassaben zamani, wato rainon tohon itatuwa a gona maimakon sassabe shi. Dattawa suna tune da yadda gonaki suka koma bayan farin da aka yi a shekarun 1970 da yunwar 1984: fili fetal, iska tana kwasar rairayi tana binne shukar hatsi, har manomi ya sake shuka sau biyu ko uku a damina ɗaya. An kashe kuɗi masu yawa wajen dashen itatuwa, galibinsu kuma suka mutu. A shekarar 1983 wani masanin aikin gona ɗan ƙasar Ostareliya mai suna Tony Rinaudo, wanda yake aiki a wannan yanki, ya lura cewa ƴan tsirran da manoma suke sassabewa su ƙone kowace bazara toho ne daga kututturan itatuwa waɗanda saiwarsu take nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. Dubarar da ta fito daga nan ba ta bukatar ko dala: manomi ya zaɓi ƴan rassa mafiya ƙarfi a kan kututture, ya datse sauran, ya tsare su daga dabbobi da masu saran itace, sannan ya riƙa komawa lokaci zuwa lokaci yana gyarawa. An yi wa waɗanda suka fara dariya, saboda a lokacin ana ganin gonar da ba a share ta tas ba gonar rago ce, wasu ma da ake ba cimaka a madadin aikin, da aka daina ba su sai suka koma suka sare itatuwan da suka yi raino. Waɗanda suka daure su ne suka ga gawo da kalgo da sabara da aduwa sun dawo, iska ta rage ɓarna, mata suka huta da doguwar tafiya neman itacen girki. Masu bincike sun ƙiyasta cewa an farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 da itatuwa wajen miliyan 200 a kudancin Nijar, musamman a jihohin Maraɗi da Damagaram. An ba Rinaudo babbar lambar yabo a ƙasar Suwidin a 2018, kuma ya cancanta, amma hannun da ya riƙe adda shekara da shekaru na talakan manomi ne. Idan yau ka je ƙauyen Ɗan Saga a wajen Agye ka ga manomin da bai yi boko ba yana yi wa baƙi masu digiri bayani ba tare da rawar murya ba, to itatuwan da suke tsaye a gonarsa ne suka ba shi wannan ƙarfin hali.

Darasi na biyu na iyayenmu mata ne. A shekarar 1991 ƙungiyar agaji ta CARE ta fara tsarin Mata Masu Dubara a ƙauyukan jihar Maraɗi, bisa tushen adashen da mata suka daɗe da sani. Mata ashirin zuwa talatin sukan haɗu kowane mako, kowa ta zuba ɗan abin da aka yi yarjejeniya a kansa a cikin akwatin ƙarfe mai kwaɗo uku, makullan kuma suna hannun mata uku dabam-dabam, ta yadda ba a buɗe shi sai a gaban kowa. Daga cikin asusun ake ba mai bukata rance ta ja jari, ta soya ƙosai ko ta yi ƙuli-ƙuli ko ta sayi ƴar akuya, idan zagaye ya cika kuma a fasa a raba. Na san akwai masu ja da ƙarin da ake ɗorawa a kan rancen, kuma wannan muhawara ce ta malamai wadda ba ita ta sa na ɗauki alƙalami ba. Abin da nake so a duba shi ne cewa tsarin da aka fara da ƴan kuɗin cefane a ƙauyukanmu ya bazu zuwa ƙasashen Afirka da dama har ma da wajenta, kuma matar da a da ba ta iya buɗe baki a gaban taro, bayan ta shekara tana zubi ba fashi, tana biyan bashi a kan lokaci, sai ka same ta tana riƙe da lissafin ƙungiya, wasunsu har sun tsaya takarar kansila. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce aikin da Allah ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa ko da kaɗan ne, kuma ban san wata fassarar wannan hadisi a aikace da ta fi zaman asusun nan ba.

Akwai wani abu da waɗannan misalai biyu suka haɗu a kansa wanda masu bidiyo ba sa faɗa, shi ne cewa ɗabi'a mai kyau ta fi daɗewa idan akwai idon jama'a a kanta. Matar asusu tana zubi ne ko ranar da ranta ba ya so, domin ƴan uwanta suna zaune suna jiran a kira sunanta. Wannan ne ya kawo ni ga fada, wato majalisar hirar samari. Babu unguwar da za ka shiga a Maraɗi, daga Zariya zuwa Ali Ɗan Sofo, daga Bagalam zuwa Sabon Gari, da ba za ka tarar da samari sun kewaye butar shayi ba. Dattawa da yawa suna zagin fada, ni kuwa ba na cikinsu, saboda na ga ƴan fada suna yashe magudanar ruwa kafin damina, suna tsayawa a kan hidimar biki da ta rasuwa, suna kai ɗan uwansu likita da tsakar dare. Matsalar ita ce wannan haɗin kai mai ƙarfi yana ƙarewa a shayi da karta da hira har ƙarfe biyu na dare. Saurayin da yake kashe dala ashirin kowace rana wajen sayen mega don kallon bidiyo, idan ya lissafa zai ga a shekara ya kashe jika talatin da shida da rabi, kuɗin da za a iya shiga kasuwar dabbobi da su a yi cinikin ƴar akuya. Me zai hana fada mai mutum goma sha biyar ta ajiye nata akwatin, ta tsayar da lokacin tashi, ta kuma sa wa kanta doka cewa duk wanda ya iya wani abu, gyaran waya ne ko walda ko lissafin jarrabawar BEPC ta kammala kwaleji, zai koya wa sauran a wani dare cikin mako?

Maganar lokacin tashi daga hira ba ƙaramar magana ba ce. Wanda ya kwanta ƙarfe biyu ba zai ga Asuba ba, idan kuma ya tashi da hantsi jiki a mace, daga nan ne wasu suke fara neman ƙarfi a wurin tramol, musamman a cikin masu kabu-kabu da masu aikin ƙarfi. Wannan ƙwaya maganin ciwo ce da likita yake rubutawa da awo, amma idan aka mai da ita abin karin kumallo sai jiki ya saba, ya riƙa neman ƙari, har ta kai mutum ga faɗuwa yana shure-shure a kan titi. An rawaito cewa Annabi ya roƙa wa al'ummarsa albarka a cikin sammakonta, kuma sahabin da ya rawaito hadisin, Sakhru al-Gamidi, ɗan kasuwa ne da yake aika hajarsa da sassafe har dukiyarsa ta yawaita. Alhazan da suka sa sunan Maraɗi ya fito a harkar kasuwanci tun zamanin cinikin gyaɗa, da yawansu sun fara ne a matsayin yaran wani, suna buɗe kanti kafin rana ta ɗaga, ubangida yana gwada su da ƙaramar amana kafin ya damƙa musu babba. Matasan yau suna ganin gidajen da motocin, amma ba su ga shekarun da aka yi ana share ƙofar kanti ba.

Sai kuma batun rayuwa ta gaskiya, wadda wasu matasa suka ɗauka tana nufin mutum ya yi abin da ya ga dama ba ruwansa da iyaye ko maƙwabta. A ganina abin da take nufi ya fi haka sauƙi, ya kuma fi haka wuya: mutum ya daina nuna abin da ba ya da shi. Mun kai lokacin da saurayi zai ari shadda da agogo don ya ɗauki hoto, budurwa ta ci bashi don anko uku a biki ɗaya, uba ya sayar da gona don kada a raina kayan ɗakin ƴarsa, bayan watsewar taro kuma a shekara ana ɓuya daga masu bin bashi. Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara, hadisi kuma ya kamanta mai nuna ƙoshi da abin da ba a ba shi ba da wanda ya sa tufafi biyu na ƙarya. Mai irin wannan rayuwa ba zai taɓa yarda da kansa ba, domin shi ya fi kowa sanin cewa abin da ake yaba masa ba nasa ba ne. Na fi ganin girman wanda ya gama jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, aikin gwamnati bai samu ba, ya kama kiwon jar akuyar da sunan garinmu yake a kanta, wadda aka san ingancin fatarta har a ƙasashen waje, kuma idan aka tambaye shi sana'arsa ya faɗa ba tare da ya sunkuyar da kai ba.

Wani mai karatu zai ce tsohon malamin nan yana ɗora wa yara laifin da ba nasu ba, kuma yana da gaskiya ta wani ɓangare. Tattalin arzikin Maraɗi a ɗaure yake da iyakar Najeriya, kuma kowa ya ga yadda kasuwa ta mutu lokacin da aka rufe ta daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, da kuma bayan juyin mulkin Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024. Ƴan bindiga sun hana mutane da yawa noma cikin kwanciyar hankali a yankunan Madarunfa da Gidan Runji. Sammako da asusu ba za su buɗe iyaka ba, ba kuma za su kori ɓarayin shanu ba, wannan nauyi ne a wuyan hukuma, kuma ya kamata a ci gaba da tuna mata. Amma manoman da suka fara sassaben zamani sun fara shi ne a tsakiyar yunwa, ba su jira sai al'amura sun daidaita ba. An aza harsashin titin jirgin ƙasa daga Kano zuwa Maraɗi ta Katsina da Jibiya a shekarar 2021, kuma duk ranar da Allah ya sa aka kammala shi, masu neman ma'aikata za su tambayi wanda ya iya walda da lissafin kaya da cika alkawari, waɗannan kuwa ba a koyonsu a mako ɗaya.

Roƙona gare ka, Malam Edita, shi ne ka tura wakilinka ya zauna a taron asusun mata ko sau ɗaya, ya kuma shiga gonakin Agye da wuraren masu walda da maɗinkan garin nan, ya rubuto mana dalla-dalla yadda suke tafiyar da yininsu, nawa suka fara da shi, sau nawa jari ya karye, da yadda suka tashi. Ina kuma kira ga gidajen rediyonmu da limaman Juma'a su ba wannan batu lokaci, iyaye kuma su rage kiran ƴaƴansu da sunan marasa amfani, su ba yaro ƙaramin aikin da zai iya gamawa, su duba ko ya gama, idan ya yi da kyau su faɗa masa a gaban ƙannensa.

Na gode da filin da ka ba ni. Allah ya ƙara wa jaridarku ɗaukaka.

Naka,
Wani tsohon malamin lakwal,
Unguwar Zariya, Maraɗi.