Farashin kanta daban, na rasit daban

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Muna neman ɗan fili a jaridarku domin mu yi magana kan kantunan zamani masu tallar rangwame da garaɓasa, musamman gab da azumi da sallah.

A kasuwar Singa ko Kantin Kwari, mai saye ya taya, mai kaya ya ce albarka, har a daidaita. A kanti kuwa babu tayi. Takardar farashin da aka liƙa a jikin kanta, inda ake jera kaya, ita ce bakin mai kaya, abin da ta faɗa shi ya kamata a biya. Haka ma doka ta tanada. Sashe na 115 na dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018 ya wajabta nuna farashi, ya kuma hana karɓar fiye da abin da aka nuna. Idan farashi biyu ne a kan kaya ɗaya, ƙaramin ake biya. A kan irin wannan saɓani tsakanin farashin kanta da na rasit ne hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, ta rufe wani babban kanti a Garki, Abuja, a Fabrairun 2024.

Ba kullum ne ake yin hakan da gangan ba. Sabon kaya na isowa da sabon farashi, sai a sauya shi a kwamfuta nan take, a bar tsohuwar takarda a kanta har kwanaki. Wani lokaci wa'adin rangwamen ne ya ƙare ba a cire allon ba, ko kuma takardar ƙaramin gwangwani ta koma ƙarƙashin babba. Amma sakacin ma'aikata nauyin mai kanti ne, ba na mai saye ba. Maganinsa kuma ba wuya: a sauya takarda kafin a taɓa kwamfuta, sannan kowace safiya a ɗebi kaya kamar ashirin daga kanta a gwada su a na'ura.

Wanda ya fi damunmu shi ne rangwamen ƙarya, domin shi da niyya ake yinsa. A ɗauki misali: kayan naira 10,000, sai a mayar da shi 13,000 mako guda kafin garaɓasa, sannan a rubuta an rage kashi 20 cikin ɗari. Mai saye zai biya 10,400, ya fita yana godiya alhali ƙari aka yi masa. A Tarayyar Turai, tun 2022, duk mai shelar ragi dole ya nuna farashi mafi ƙanƙanta da ya sayar da kayan a kwanaki 30 da suka wuce. Muna ganin lokaci ya yi da FCCPC za ta fito da irin wannan ƙa'ida ƙarara.

Akwai kuma tauye awo cikin dabara, leda na nan yadda take amma abin ciki ya ragu. Madarar giram 400 a kan naira 4,000 tana nufin 1,000 kowane giram 100. Ta giram 350 a kan 3,700, wadda ido ke gani da araha, ta kai kusan 1,057. Don haka a riƙa raba kuɗi da nauyi, wayar hannu ma ta isa. Kayan da aka zabtare wa farashi sosai kuwa, a juya a duba ranar lalacewarsu. Ba laifi ba ne a karya farashin abin da wa'adinsa ya kusa, laifin shi ne ɓoyewa. Batun ba da alewa a madadin canji kuma, in ba da yardar mai kuɗi ba, ƙarin farashi ne kawai.

Ga mai saye: ɗauki hoton takardar kanta, ka sa ido a allon na'ura lokacin da ake lissafi, ka karanta rasit kafin ka bar ƙofa. Duba ko an buga abu ɗaya sau biyu, ko an ɗora harajin VAT na kashi 7.5 a kan kayan abinci na yau da kullum da doka ta keɓe. In ka ga bambanci, kada ka yi wa kashiya faɗa, ba ita ke sa farashi ba. Nemi manaja. In ya ƙi gyarawa, kai ƙara FCCPC ko hukumar kare masu saye ta jiharku, da hoton da rasit ɗin a hannu.

Wassalam.

Daga wasu masu harkar kanti, Kano