A kira flush kafin clear: jan hankali ga masu aiki da Hibernate

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ka ba mu ɗan fili mu ja hankalin matasanmu masu rubuta manhaja da Java kan wani kuskure da ke salwantar da bayanan jama'a ba tare da an ankara ba.

A Hibernate, kayan aikin da ke haɗa manhajar Java da rumbun bayanai, duk abin da aka ɗauko daga rumbun bayanai ko aka miƙa don ajiyewa, Session, wato zaman aiki tsakanin manhaja da rumbun, na riƙe da shi a memori har a rufe ta, kuma ba yadda za a kashe wannan ma'ajiya. Tana ma ajiye kwafin yadda abin yake tun farko don ta gane inda aka taɓa. Shi ya sa idan aka tashi zuba sunayen ɗalibai 100,000 a Session guda, aikin yakan yi ta nauyi har Java ta tsaya da OutOfMemoryError.

Maganin shi ne a sa hibernate.jdbc.batch_size, wato yawan layukan da ake turawa tare, a kan 20, sannan bayan kowane layi 20 a kira flush, a bi shi da clear. Jerin nan ba a juya shi. Flush ne ke tura gyare-gyaren da ke jira zuwa rumbu, clear kuwa yana zubar da komai, har da abin da ba a tura ba. Wanda ya fara da clear ba zai ga saƙon kuskure ko ɗaya ba, commit, wato umarnin tabbatar da ajiya, zai wuce lami lafiya, amma makin ɗalibin da aka gyara yana nan yadda yake. Wannan ne ya fi tayar mana da hankali. A kuma lura, idan lambar layi ta IDENTITY ce, wato rumbu ne ke ba da ita da kansa, irin auto_increment na MySQL, Hibernate ba ya tara sabbin layuka ya tura su tare.

Bayan clear, abubuwan da ke hannunka sun rabu da Session: gyaransu ba zai shiga rumbu ba sai an kira merge, kuma taɓa ɓangaren da ba a ɗauko ba tukuna zai jawo LazyInitializationException. In abu ɗaya kawai ake son cirewa, evict ya isa.

Clear ba ya taɓa ma'ajiya ta biyu da ke kan SessionFactory, wadda ke samar da kowace Session. Idan wani ya gyara tebur kai tsaye da SQL ta bayan fage, manhajar za ta ci gaba da nuna tsohon bayani har sai an kira evictAllRegions ta getCache, ko wa'adin ajiyar ya ƙare.

Mun gode.

Wasu malamai masu koyar da rubuta manhaja,
Kano