A fara koya wa 'yan sakandare aikin gurup tun kafin su taka jami'a

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Don Allah a ɗan sam min fili a jaridar nan tamu mai farin jini in yi magana kan 'yan SS2 da SS3 da irin shirin da muke musu na shiga jami'a, don gaskiya abun ya daɗe yana ci min tuwo a ƙwarya.

Duk shirin da muke wa yaro yanzu bai wuce na cin jarabawa ba. WAEC, NECO, sai JAMB, tambaya 180 cikin awa biyu a gaban kwamfuta, ya danna A ko B ko C ya fito. Toh ya ci, an samu admishan, ana ta barka. Satin farko a lebul wan malamin GST, wato darasin gama-gari da kowane ɗalibi ke ɗauka, ya shigo ya ce ku rabu goma goma, ga taken da za ku yi bincike a kai, bayan sati uku ku zo ku gabatar. Nan fa ido ke raina fata. Kowa ya san yadda ake ƙarewa, mutum ɗaya ne zai je kafe ya kwaso abu daga intanet ko kuma yanzu ya sa ChatGPT ya rubuta masa, sauran tara su tura kuɗin firintin da lambar rajista, ranar gabatarwa a tura wanda ya fi baki gaba sauran su jeru a bayansa suna kallon silin. Kuma ni ban ga laifin yaran ba sosai, shekara shida a sakandare ba wanda ya taɓa zaunar da su ya nuna musu yadda mutum biyar ke raba aiki ɗaya, sai kawai a wayi gari a ce su yi.

Wasu ƙasashen sun mai da wannan abu darasi guda mai zaman kansa. Hukumar jarabawa ta Cambridge da ke Ingila tana da kwas da take kira Global Perspectives, ana yinsa a matakin IGCSE, wato kamar WAEC ɗinsu, da kuma A Level da ke gaba da shi, kuma wasu makarantun kuɗi a Legas da Abuja da ke bin manhajar Cambridge suna koyar da shi. Ba hadda ake yi ba. Ana ɗauko matsalar da ta shafi duniya, canjin yanayi ko ƙaura ko ruwan sha ko rashin aikin yi, yara biyu zuwa biyar su haɗu su duba ta daga ɓangarori daban daban, yadda take a garinsu, a ƙasarsu, da kuma duniya, sannan su yi wani abu a aikace. A Amurka ma akwai makamancinsa, AP Seminar, tun 2014. Wanda ya kai A Level a na Cambridge ɗin sai ya rubuta rahoton bincike mai kalma har 5,000 shi kaɗai, wato ɗan shekara goma sha bakwai ko sha takwas ya riga ya ɗanɗana abun da namu ba sa gani sai a furojet ɗin shekarar ƙarshe.

Abun da ya fi burge ni a tsarin shi ne rabon maki. Kaso mafi tsoka ba a kan aikin gurup ɗin yake ba, yana kan abun da kowane ɗalibi ya rubuta da kansa, me ka yi, me ka gano, ina kuka samu saɓani, me ya sa ka canza ra'ayi. Ɗan ci-ma-zaune ba shi da wajen ɓuya. Wannan kaɗai in malaman jami'o'inmu suka ɗauka an rage rabin matsalar.

Na san me wani zai ce, wai mu da ke fama da aji mai yara ɗari ba kujera ba wuta, ina mu ina matsalolin duniya, a bar wa 'ya'yan masu kuɗi. Ni kuma nan ne nake ganin mun raina kanmu. Wace al'umma ce ta kai Bahaushe bin labarin duniya? Tun 1957 BBC ke magana da Hausa, ga DW ga RFI, ka je teburin mai shayi da safe ka ji yadda ake fashin baƙi kan Gaza da Iran da Putin, tsoho bai taɓa shiga aji ba amma ya san sunan ministan wajen Rasha. Sha'awar tana nan tun fil azal. Abun da babu shi ne a tambayi mutum wa ya gaya maka, ina hujjarka, me ɗaya ɓangaren ke cewa. Kuma wannan ɗin shi ne ainihin abun da jami'a ke nema a wajen ɗalibi.

Bari in ba da misali da taki tunda yawancin yaranmu 'ya'yan manoma ne. A ba yara biyar tambaya ɗaya, me ya haɗa yaƙin Rasha da Yukren da aka fara a Fabrairun 2022 da farashin buhun NPK a kasuwar garinku? Ɗaya ya je wajen dilolin taki ya tambayi yadda farashi ya tashi shekara da shekara, ɗaya ya zauna da manoma uku ko huɗu ya ji buhu nawa suke sakawa da da kuma yanzu, ɗaya ya binciko me ake haɗawa a yi takin. A nan za su gano cewa yuriya muna yinta a gida, ga masana'antar Dangote a Legas ga Indorama a Fatakwal, amma sinadarin fosfet daga Maroko ake kawowa, fotash kuma daga Rasha, har ta kai a 2022 sai da Najeriya ta juya Kanada neman fotash da na Rasha ya maƙale. Sai kuma na huɗu ya zo ya ce ku tsaya, ba yaƙin kaɗai ba ne, ina cire tallafin mai na Mayun 2023 da faɗuwar naira? Sai gardama ta kaure, kuma gardamar ita ake so, don dole kowa ya kawo lissafi ba wai "an ce" ba. Na biyar ya haɗa komai ya tsara yadda za a gabatar. Me wannan ya ci? Littafin rubutu, biro, wayar malami ko ta wani yaya, da datar da ba ta kai ta kallon TikTok na kwana biyu ba.

Ko Tafkin Chadi. Kullum ana maimaita cewa ya ƙafe da kashi 90 cikin ɗari daga shekarun 1960, amma akwai masu binciken da suka duba hotunan tauraron ɗan adam suka ce tun wajajen shekarun 1990 ya daina raguwa, har ya ɗan farfaɗo. Wa ya fi gaskiya? Yaron Maiduguri ko Difa da ya zauna ya auna maganganun nan biyu, ya kuma tambayi masunci ɗan Baga me idonsa ya gani, wallahi ya fi wanda ya haddace shekarar da aka kafa hukumar tafkin, 1964, ya zuba a takarda ya manta. Haka ambaliyar madatsar Alau ta Satumban 2024, canjin yanayi ne ko sakacin gyara ne ko duka biyun? Rufe iyakar Nijar bayan juyin mulkin Yulin 2023, wa ya fi shan wahala tsakanin ɗan kasuwar Jibiya da na Maraɗi? Take ba ya ƙarewa.

Ba na cewa abun ba wahala. Malamin da bai taɓa yin bincike da kansa ba ba zai iya koyar da shi ba, kuma muna da irinsu da yawa, sai an horar da su tukun. Akwai kuma iyayen da ba za su yarda 'yarsu ta shiga gurup da maza ko ta bi kasuwa tana tambayoyi ba, kuma suna da hujjarsu, sai a yi na mata daban, su yi hira da matan unguwa kan kuɗin gawayi da gas ko maganin yara, wannan ma ai matsalar duniya ce. Sannan inda ba tsaro kar a tura yaro ko'ina, a yi a cikin makaranta.

Roƙona ga kwamishinonin ilimi na jihohinmu da shugabannin makarantu, har da na Islamiyya masu sashen boko, ba sai an jira Abuja ta ƙirƙiro sabon darasi ba. A cikin firiyod ɗin Civic ko Gwamnati ko Jogirafi, a ware zango ɗaya a SS2, kafin zazzaɓin WAEC ya kama kowa. Gurup kar ya wuce mutum biyar. Makin gwajin zangon ya fito daga nan, a raba shi, kaɗan na gurup, mai yawa na shafi biyu da kowa zai rubuta da hannunsa a cikin aji a gaban malami. Ranar gabatarwa malami ne zai nuna wanda zai yi magana, ba su za su zaɓa ba, kuma a bar su su yi da Hausa in Turancin zai hana su faɗin abun da suka gano, a gyara Turancin a rubuce. Masu lesin ɗin JAMB da ke karɓar kuɗin iyaye wata da watanni su ma za su iya ba da Asabar ɗaya a wata.

In akwai makarantar gwamnati da ta riga ta fara irin wannan, don Allah malamanta su rubuto wa jaridar nan su gaya mana yadda suka yi da yawan yara a aji, don nan ne na fi ganin za a sha fama.

Na gode Edita, Allah ya ƙara basira.

Naku,
Wani malamin sakandare daga Zariya