Kan sauya salon waƙoƙi a tashoshin FM

Ranka ya daɗe Edita,

Ka ba ni fili in yi tsokaci kan yadda tashoshin FM ke sauya irin waƙoƙin da suke sakawa ba tare da sun ji ta bakin masu sauraro ba. Tarihin WCBS-FM ta birnin New York a Amurka ya isa misali.

Tun 1972 tashar ta tsaya kan tsofaffin waƙoƙi, da farko musamman na shekarun 1950 da 1960, har jama'a suka saba da muryoyin masu gabatarwa tamkar 'yan gida. Kwatsam a Yunin 2005 aka sallame su, aka koma tsarin Jack FM, inda kwamfuta ke jero waƙoƙi babu mai hira da kowa. Dalilin kuwa talla ne: kamfanoni matasa suke nema, masu sauraron tashar kuma sun manyanta. Wannan lissafi yana ba ni takaici, domin dattijo ma yana da kunne. Mutane suka fusata, suka ƙaurace wa tashar. A Yulin 2007 dole aka dawo da masu gabatarwa, sai dai waƙoƙin sun matsa zuwa tsakiyar shekarun 1960 har na 1980.

Ina roƙon masu tashoshi su riƙa shawartar masu sauraro kafin irin wannan sauyi, su kuma adana tsofaffin shirye-shiryensu.

Naka,
Mai sauraron rediyo