Ruwan Sama Na Ƙara Ƙarfi a Arewa

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni ɗan fili a jaridarmu mai farin jini in yi magana kan yadda damina ke canza hali.

Masana sun ce duk digiri 1 da zafi ya ƙaru, iska na iya ɗaukar ƙarin danshi kusan kashi 7 cikin ɗari. Shi ya sa ruwa ke zubowa kamar da bakin ƙwarya, cikin dare ɗaya ya cika kwata, ya kwantar da katangar laka. Wani bincike na 2017 ya nuna manyan hadura sun ninka sau uku a yankin Sahel tun 1982, ga zafin Sahara kullum ƙaruwa yake. Abin gaba zai yi.

Ba mu manta da Satumbar 2024 ba, da madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye Maiduguri har cikin asibitin koyarwa. Sai kuma ambaliyar Mokwa a Mayun 2025.

Ina kira ga hukumomi su binciki lafiyar madatsun Tiga da Goronyo tun da rani, a yashe magudanai, a riƙa karanta hasashen hukumar kula da yanayi ta ƙasa, NiMet, da Hausa a rediyo domin manoma.

Naka,
Mai karatu daga Maiduguri.