Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Kamfanin Sadarwar Da Ya Ce Intanet Ya Wadata A Garinmu

Ranka ya daɗe Shugaban Kamfani,

Bayan gaisuwa, na rubuto ne kan taswirarku da ta shafe garinmu baki ɗaya da launin wuraren da ke da intanet mai sauri. Wallahi ba haka abin yake ba, kuma muna neman ku gyara.

Gaskiya ne kun kafa ƙarfen sabis a bakin kwalta, kuma wanda ya tsaya gindinsa zai ga 4G a wayarsa. To amma mutane ba a gindin ƙarfe suke kwana ba. Da ka wuce masallacin Juma'a ka nutsa cikin unguwa, sai waya ta koma E, alamar sabis mai tafiyar hawainiya. Ni sana'ar POS nake yi. Ranar kasuwa, da jama'a sun cika, na'ura ta yi ta juyawa, a cire wa dattijo kuɗin taki daga asusunsa, takarda ta fito cewa bai shiga ba, ya tsaya yana kallona kamar ni na ci. Ɗalibai kuwa, kafin su tura hoton takarda ɗaya sai sun raba dare. Idan man janaretanku ya ƙare, shi ke nan, gari ya yi ɗif.

Tsarin intanet na Najeriya na 2020 zuwa 2025 ya faɗi ma'aunin sauri ƙarara: aƙalla megabit 25 a daƙiƙa a birane, 10 a karkara. A wane gida namu kuka auna 10 ɗin nan, kuma da ƙarfe nawa? A Amurka ma an daɗe ana lissafa yanki a matsayin mai intanet don gida ɗaya tak ya samu, har hukumar sadarwarsu ta FCC ta koma bin gini gini a 2022, domin wancan lissafin yana ɓoye marasa shi. Illarsa ke nan gare mu: garin da aka rubuta ya samu, wa zai sake waiwayarsa?

Da aka amince da ƙarin kuɗin kira da data na kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025, mun biya daidai da mutanen Abuja. Saboda haka ku turo injiniyoyinku su auna a cikin gidaje da rumfunan kasuwa, bayan sallar isha'i da ranar kasuwa, saukewa da turawa duka. Inda bai kai ba, ku goge launin. Zan aika kwafin wannan wasiƙa ga hukumar kula da sadarwa ta Najeriya, NCC.

Naku,
Wani mai POS, a madadin 'yan kasuwar garinmu